Filastar Kawu Hushang

Golnar ce kaɗai ta lura cewa filastar da ke kan hancin Kawu Hushang tana tafiya. Ran Asabar tana kusa da gira, ran Talata ta gangaro. Ba ta faɗa wa kowa ba, ta ci gaba da zuba shayi.

Wa ma zai tuhumi Kawu? Kaf layin masu darduma a kasuwar Tehran babu mai ilimin hanci irin nasa, har maƙwabta suka yi masa laƙabi da Shehin Hanci, shi kuma ya karɓa hannu bibbiyu. Shekara hamsin yana ɗauke da tozon hancin gidansu a fuska kafin ya kai shi wurin likita a yi masa aikin gyara.

"Ni ba a farfasa ni ba," in ji shi, ko an tambaya ko ba a tambaya ba. "Talakan likita shi ke kankare doron hanci. Nawa ta ƙasa ya rage, doron ya sauka da mutuncinsa. Tsohuwar darduma ai ba a yanka ta, lallaɓa ta ake yi. Aikin gwani shi ne wanda ba a gani!"

Aikin kuwa na gwani ne. Da lokacin cire filasta ya yi, Kawu ya shiga kasuwa yana tafe hanci a gaba kamar mai ɗauke da tuta. Ba wanda ya tanka. Da azahar maƙwabcinsa Faribarz ya ƙura masa ido ya ce, "Shehi, ka canza. Gashin baki ka rage?"

Washegari filasta ta koma. Da ita ake miƙe masa a shago, ana tambayar jiki da sunan likita.

Wata uku ke nan, sai ga bikin sabuwar shekara, dangi sun cika gidan Kaka Mahin, mahaifiyarsa. Kawu ya zauna kusa da tukunyar shayi yana karantar da surukai.

"Ku masu hancin gado ba za ku gane ba. Iska ma daban take shiga."

Golnar na kallon tururi yana ɗaga gefen filastar. Filasta ta sauka cikin faranti, kan shinkafa da kifi.

Kaka Mahin ta gyara tabarau, ta kama haɓarsa ta juya dama, ta juya hagu.

"Alhamdu lillahi, ashe tsoro ya hana ka. Kyan ɗa ya gaji ubansa. Wannan ai hancin marigayi ne sak!"

Aka yi ta yi masa barka da fasa aikin.

Da la'asar, Golnar na wanke kofuna, Kawu ya leƙo kicin, ya rage murya.

"'Yar ƙanwata, ina kakarki take ajiye almakashi?"

Ta nuna masa. Ya tsaya gaban madubin zaure, ya yanki sabuwar filasta, ya manna.