Jatau Ya Je Satar Rina

Wani mutum ne a Tsamiyar Kura, Jatau, bakinsa ya fi garmarsa kaifi. Wata biyu ya yi yana gadi a gonar wani kamfani, shi ke nan ya dawo mana masanin noma.

Ya faɗa wa gonarsa da adda. Sabara, geza, kalgo, tafasa, duk ya kwashe. Gona ta yi tal kamar kan sabon aski. Ya shuka wake zalla, ya bi da feshi har ƙuda na wucewa ta sama da tari.

Maƙwabcinsa, tsoho Baba Nomau, gonarsa kuwa a cakuɗe take: gero, wake, kuɓewa, yakuwa, riɗi, ga sabara can gefe tana shan iska.

Jatau ya ce a majalisa, "Baba, wannan gona ce ko kasuwar ƙauye? Ni duk wanda ya ga ƙwaro ɗaya a tawa, a aske mini rabin gemu!"

Ilu wanzami ya ce, "Na ji. Askata ma ta ji."

Wake na fara fure, tsutsa ta sauka. Ƙurus-ƙurus, ana jin cinta daga kan hanya. Jatau ya yi feshi, ta sha ta ƙara ƙiba. Waken Nomau kuwa shar!

Jatau ya laɓaɓa wajensa. "Baba, wani abokina ne ke tambaya, wane magani kake sawa?"

"Ka gaya wa abokin naka sojoji gare ni. Gizo-gizo, ƙoƙi-ƙoƙi, rina. Tsutsa ce tuwonsu, sabara ce ɗakinsu. Shi ya rushe ɗakin, wa zai yi masa gadi?"

Jatau ya ce a ransa, soja ai sai a ɗauko shi.

Ranar kasuwa, gari ya watse, ya tsallaka gonar Nomau da buhu. Ya tsinci gizo-gizo sun kai hamsin, ya juye a gonarsa, ya ce, "To, bismilla!" Suka duba gabas, ba inuwa. Suka duba yamma, ba wurin kafa saƙa. Sai suka jeru tiɗi-tiɗi suka koma gida.

"Au, haka ne? Bari in ɗauko manyanku."

Ya koma, ya hango gidan rina a jikin sabarar Nomau. Ya sanɗa, ya tsinko shi. Yana ɗaga ƙafa zai koma gonarsa, sai ga muryoyi, 'yan kasuwa sun dawo, Nomau da Ilu a gaba. Wuf, ya cusa gidan rinar cikin riga, ya harɗe hannu.

"Jatau, lafiya? Mene ne ke kuka a cikinka?"

"Yunwa ce, Baba."

"Yunwarka da fiffike take?"

Ɗau! Jatau ya yi murmushi. Ɗau! Ɗau! Ya ce, "Wayyo Inna!" Ya yi sama, hula ta yi gabas, takalmi ya yi yamma. Ya rufta tsakiyar wakensa yana birgima, rina na binsa, tsutsa na zubo masa a ka.

Ilu ya tsuguna ya ce, "Jama'a, ku shaida. Ga tsutsa, ga rina. Rinar ma shi ya kawo ta da kansa."

Ya zaro aska, ya leƙa fuskar Jatau da ta kumbura suntum kamar kabewa. Ya juya ta nan, ya juya ta can, ya mayar da askar.

"Baba, a bari kumburin ya sauka. Wallahi na rasa inda gemun yake."