Ranar Da Na Tsere Wa Harbina

Ni mutum ne mai tsari. Da birai suka addabi masarata a gefen dajin Kusasu, sai da na jera sharuɗɗa uku kafin na sayi bindiga. Na ɗaya, ta zama ta toka. Na biyu, kada ta yi nauyi. Na uku, ta yi ƙara sosai, domin kora nake so, ba kisa ba. Maƙerin ya ce, "Malam, ka sanar da maƙwabtan gona kafin ka gwada." Na ce wannan ba ya cikin sharuɗɗana.

Washegari da hantsi na ɗaga ta sama na ja kunama. Kunnena ya toshe, hayaƙi ya rufe min ido. Da ya washe, sai na hangi manoma sun watsar da fartanya, mata na ihu, "Ɓarayin daji sun zo!"

Na tsaya ina waige-waige. Ta ina suka ɓullo? Ban ga kowa ba. Amma da Baba Audu, tsohon da ke dogara sanda, ya wuce ni a guje, sai na yar da bindigar na bi shi. Ni na fara isa gari, har na rantse wa mai unguwa cewa dab da ni aka yi harbin.

'Yan sa-kai suka dawo da bindigata tana warin albarushi. Birai kuwa sun yini cikin masarar.

Har yau in na shiga kasuwa sai wani ya ce, "Malam, barka da arziki. An ce da ƙyar ka sha a hannunka."