Jirgin da Ba a Ga Wutsiyarsa Ba

Wani mutum ne, ma'abocin ƙailula, wanda wata rana bayan cin abincin rana ya kishingiɗa a doguwar kujera, barci ya yi awon gaba da shi. A cikin barcin nan ya ga kansa tsaye a wata ƙatuwar rumfar jirage, gaban wani jirgin yaƙi wanda babu wata ƙasa a doron duniya da ta taɓa ƙera irinsa. Fukafukansa uku ne, na ukun a tsaye bisa gadon baya. Hancinsa a lanƙwashe kamar bakin shaho. Bindigoginsa kuwa, saboda tsabar dabarar yaƙi, rabinsu gaba suke kallo, rabinsu suna kallon matuƙin, domin kada ya yi tunanin gudu.

Mutumin ya zagaya ta gaba, ya leƙa ta ƙarƙashi. Yana gab da isa wajen wutsiya ke nan, sai matarsa ta yar da murfin tukunya a kicin, ya farka.

Tun daga ranar ya ɗaura niyyar ƙera ɗan ƙaramin samfurin jirgin, ba ragi ba ƙari. Ya sayo katako mara nauyi, da gam, da samfefa, da burushi siriri kamar gashin ido. Ya share teburin cin abinci ya mayar da shi masana'anta. Iyalin gidan suka koma cin abinci a kan teburin guga, bi da bi.

Aiki dai ya yi kyau, wannan babu mai musu. Ya shafa wa cikin jirgin shuɗi, bayansa ruwan toka, hancinsa baƙi wuluk, kamar yadda ya gani da idonsa, a rufe. Wutsiya kaɗai ya bari fara fat, tsirarar katako.

Matarsa ta tsaya a kansa ta ce, "Maigida, ka shafa mata kowane launi mana, mu samu teburinmu."

Ya cire tabarau, ya dube ta cikin tausayi. "Uwargida, jirgin yaƙi ne wannan, ba ƙofar shago ba. Abin da ban gani ba, ba zan ƙaga shi ba."

"To ai duka jirgin ƙaga shi ka yi."

"Ganinsa na yi. Gani kuwa ya kori ji."

"Madalla. To ka ji wannan, ko da ba ka gani ba. Ranar Asabar yayana da iyalinsa za su zo cin abinci. In suka tarar da abin nan a kan teburina, wallahi zai yi tashinsa na farko, ya sauka a kwandon shara."

Hankalin mutumin ya tashi matuƙa, domin ya san matarsa ba ta taɓa yin alkawarin da ya shafi kwandon shara ta saɓa ba. Washegari ya nufi shagon mai fenti.

"Ina son launin wutsiyar jirgin yaƙi."

"Wane jirgin, ranka ya daɗe?"

"Ba a ƙera shi ba tukuna."

"To wane launi ne?"

"Da na sani, me zai kawo ni wurinka? Kai ne mai fenti."

Mai fenti mutum ne da ya ga jiya ya ga yau. Ya saurari labarin mafarkin tun daga hanci har inda murfin tukunya ya faɗi, bai ko ƙyafta ido ba. Daga nan ya miƙa masa katin da ke ɗauke da samfurin launuka, ya nuna masa bencin da ke bakin shago.

"Koma ka dubo. Ka tafi da wannan ka gwada. Amma ka dawo mini da shi, guda ɗaya gare ni."

Mutumin ya kwanta a benci, katin a ƙirjinsa, masu wucewa suna ratse shi. Can ya farka fuska a murtuke.

"Yaya, an dace?"

"Sun sa soja a bakin ƙofar rumfar jiragen. Wani dogo mai gashin baki. Wai an tsaurara tsaro, domin labari ya iske su cewa wani ya saci fasalin jirgin yana ƙera shi a kan teburin cin abinci."

"Assha. Mutane ba su da amana."

"Ya ce sai na nuna katin shaida."

Da ya koma gida, sai ya yi wanka, ya sa kwat ɗinsa na zuwa taro, ya goge takalma, ya zura katin shaida a aljihun gaba, ya kwanta a doguwar kujera a miƙe sambal kamar rula. Bai daɗe ba ya tashi zaune yana huci. Sojan, in ji shi, ya duba hoton, ya duba fuskarsa, ya ce ba mutum ɗaya ba ne: na cikin katin idonsa biyu, shi kuwa wanda ke tsaye a gabansa barci yake yi.

Saboda haka ya garzaya wurin mai hoto.

"Ɗauke ni ido a rufe."

"Baba, ai mu kullum roƙon mutane muke yi su buɗe."

"Inda za ni, dokarsu daban ce. Kuma ka bari sai na fara minshari, kada a ce na jabu ne."

Aka ɗauki hoto, baki a ɗan sake, kai a karkace. Ya manna shi da gam a kan tsohon hoton katin, ya sake kwanciya. Wannan karon sojan ya yaba da hoton ƙwarai, har ya sara masa. Sai dai ya ce mai riƙe da mabuɗin ɓangaren wutsiya ya tafi hutu. Da ya koma, aka ce ana wanke daɓen rumfar. Da ya sake komawa, ya tarar da layi, kuma duk mutanen da ke gabansa a layin shi ne.

Haka aka yi ta fama har ranar Juma'a. Mutumin ya rame, idanunsa sun kumbura saboda yawan barci, wutsiya na nan fara.

Da la'asar ɗin ranar ya farka daga wata tafiyar da ba ta haifar da ɗa mai ido ba, ya ja ƙafa zuwa teburin. Nan ya tsaya cik. Wutsiyar jirgi ta zama ruwan hoda, tana sheƙi, tana ƙamshin jan farce.

"Uwargida! Wane ne ya yi wannan ta'asa?"

Ta fito tana goge hannu da tsumma, hankalinta kwance. "Ni ce. Na ga wahalar ta yi maka yawa, shi ne na ɗan kishingiɗa ɗazu na je na dubo maka. Launinta ke nan."

Ya sa tabarau, ya sunkuya, ya dubi wutsiyar ta dama, ya dube ta ta hagu. Sannu a hankali fuskarsa ta washe.

"Lallai. Dama na yi zargin haka. Dabara ce ta rikita abokan gaba. Wa zai harbi ruwan hoda?"

Da hannunsa ya ɗauki jirgin, cikin girmamawa, ya ɗora shi a saman kabad. Matar ba ta ɓata lokaci ba, ta shimfiɗa wa teburin ƙyalle, ta fara jera faranti. Shi kuwa ya tsaya yana kallon aikinsa, hannu a baya. Can sai murmushin ya fara dushewa. Ya juyo a hankali.

"Dakata. Ta ina kika shiga?"

"Ta ƙofa mana."

"Sojan fa?"

"Mai gashin bakin? Ai mutumin kirki ne. Shi ya buɗe mini."

"Ya tambaye ki katin shaida?"

"Ko kusa. Kujera ma ya ba ni, ya haɗa mini shayi. Ya ce in riƙa leƙowa."

Mutumin ya ɗaga murya. "Ni da na yi mafarkinsa, da gashin bakinsa da takalmansa, ya bar ni a rana kamar mai talla. Ke daga zuwa ɗaya har da shayi? Tun yaushe kuka san juna?"

"Maigida, ka rage murya, maƙwabta na ji."

"Su ji. Yau za a yi ta ta ƙare, ni da shi."

Ya shiga ɗaki ya fito da sandarsa. Ya naɗe hannun riga, ya kwanta a doguwar kujera, sandar a ƙirji, ya runtse ido da ƙarfi, haƙora a cije.

"Kada wanda ya tashe ni. In kin ji ina ihu, ba ni ba ne, shi ne."

Matar ta ajiye faranti na ƙarshe, ta gyara zaman cokali, ta ce, "To, Allah ya kiyaye hanya. In kun gama, ka tambaye shi ko ya tsinci ɗankunnena."