Yadda Na Tantance Katin Surukina

Akwai ranar da ba zan taɓa mantawa da ita ba, ko da kuwa na so: ranar da na nuna wa surukina cewa furfura daban, hankali daban. Ni dai tun ina yaro bakina bai iya furta "ban sani ba". Bokon ma ban yi nisa ba aka sallame ni (sun ce na saka wa malami ƙadangare a aljihu, kuma ba su yi mini sharri ba), amma in kana son bayanin yadda jirgin sama ke tashi, ka same ni a zaurena a Limancin Kona.

Sana'ata dillancin shadda da atamfa. Mu a wajenmu gane jabu ba ya buƙatar tabarau. Ka lashi babban yatsa, ka murza gefen ƙyallen. In kala ta zuba, jabu ne. In ta riƙe, gangariya. Da wannan ilimin na ci, na sha, na aurar da 'ya'ya.

Mijin babbar 'yata, Dakta muke ce masa, ba na allura ba, na karatu. Ya daɗe a Amurka, amma bai baro kunyarsa a can ba. Tun daga bakin zaure yake tuɓe takalmi, ya durƙusa, bai taɓa haɗa ido da ni ba.

Wata Asabar da hantsi ya biyo gaishe ni, ya tarar da ni da aminina Malam Tanko tela muna ɓarzar goro. Da ya sunkuya sai wani abu ya leƙo daga aljihunsa, Tanko kuwa ba ya ganin abu ya ƙyale.

"Dakta, hoton wa kake yawo da shi a ƙirji? Ka faɗa a gaban surukinka."

Ya yi murmushi ya fito da shi. Wani ɗan kati ne na kwali, bai kai tafin hannu ba, cikin wata 'yar roba garau. A jiki ga hoton wani ƙato ya saɓa kulki kamar zai kashe gafiya. Wai ɗan wasan besbol ne, wasan da ake jefo maka ƙwallo ka maka mata sanda ka ruga da gudu (ni ma haka na ce: to gudun me, tunda kai ka yi dukan?). A kan ƙirjin mutumin an yi wani rubutu da shuɗiyar tawada, kamar tsutsa ta bi ta kan laka.

Dakta ya ce wani tsoho da shi Daktan ya zauna a gidansa a can ne ya ba shi ranar da zai dawo gida. Tsohon ya ce ɗan wasan ne ya sa hannu da kansa. Yanzu daga tsohon har ɗan wasan babu mai rai. Matsalar, jabun irin waɗannan katuna sun yi yawa, inji ke buga sa hannun. Don haka zai aika wa wasu masana a can, su duba da madubin ƙara girma, su gwada da sauran sa hannun mutumin, su ba da shaida.

"Ba sayarwa zan yi ba, Baba," in ji shi, kansa a ƙasa. "So nake in san ko abin da tsohon nan ya adana duk rayuwarsa na gaske ne."

Nan fa Tanko ya sa mini wuta. "Ga sarkin gane jabu a zaune, ka tsallake shi ka kai wa Turawa? Ko dai a zannuwan mata kaɗai idon naka ke aiki, Alhaji?"

Da mai hankali ne, dariya zai yi. Ni kuwa gyara zama na yi, na ture hula gaba, na ce, "Miƙo nan."

Ya miƙo da hannu biyu. Na ɗaga shi sama na kalli rana ta cikinsa. Na shinshina. Na ƙyasta shi da farce kusa da kunne (ban san abin da nake saurare ba, amma na gyaɗa kai). Sai na zare shi daga robar. Na ga hannun Dakta ya ɗago, ya tsaya a iska, ya koma kan gwiwarsa. Yaya za a yi ya ce wa uban matarsa "kada ka taɓa"? Ya buɗe baki, abin da ya fito kawai shi ne, "Baba, da ma..."

Na lashi yatsa. Ka tuna goro nake ci. Na ɗora a kan rubutun na murza, irin murzar da nake wa shaddar da nake zargi.

Tsutsar nan ta narke. Shuɗi ya gauraya da jan goro, ƙirjin ƙaton ya koma kamar an watsa masa miyar gauta. Ni kuwa ko a jikina. Na juya katin na nuna musu, cike da alfahari.

"Kun gani? Ya zuba. Jabu ne. Na hutar da kai wahalar aike."

Dakta ya dubi tabarma, ya ce a hankali, "Baba, ai na injin ne ba ya zuba. Wanda mutum ya rubuta da alƙalami, shi ne yake zuba."

Goro ya sarƙe Tanko, ya fita waje yana tari, kafaɗunsa na rawa. Ni kuma don in gyara ɓarna na kama bakin babbar rigata na goge wurin. Sauran abin da ya rage na sunan ya bi rigar, har da rabin fuskar mutumin.

Da Dakta ya zage ni, da na samu sauƙi. Amma ya karɓi katin da hannu biyu, ya mayar cikin robarsa a hankali kamar mai sa jariri a zani, ya ce, "Ba komai, Baba. Ko banza yanzu na san tsohon bai yi ƙarya ba. Na gode." Har da godiya. Ya sa takalminsa a waje, na ji ya daɗe kafin ya tayar da mota.

Tun ranar na gane cewa yawun da ya ciyar da kai a kasuwa ba ko'ina ake shiga da shi ba. Yanzu in aka nuna mini abin da ban sani ba, hannuwana nake zaunewa a kai.

Kafin azahar labari ya riga ni shiga cikin gida, don 'yar tawa ta bugo wa uwarta waya. Hajiya ta ajiye mini kwanon tuwo, ta dubi shuɗin da ke bakin rigata, ta dubi yatsana.

"Malam," ta ce, "a banki dangwale, wajen zaɓe dangwale. Shi wannan bawan Allah da ya iya rubuta sunansa, me ya yi maka da ka dangwale masa?"