Singiletin Sarkin Tasha

Akwai wani Malam Mamuda, sarkin tashar mota a garinmu. Ƙaton mutum ne mai murya, in ya daka tsawa daga ofishinsa har kwandastan da ke bakin ƙofa sai ya saki jakar fasinja. To bana Allah ya kira shi Makka, ana ta shirye-shirye, sai wata safiya jiri ya kwashe shi yana alwala. Matarsa Kubura, wata 'yar siririyar tsohuwa da ko kafaɗarsa ba ta kai ba, ta tasa shi gaba sai asibiti. Likita ya auna nan, ya auna can, bai ga komai ba, amma ya ce ba zai yarda ya hau jirgi ba sai ya san halin da zuciyarsa ke ciki. Sai ya ɗauko masa wata singileti ta zamani. A ido ba ta da bambanci da ta kasuwa, sai dai a cikin saƙarta an bi da wasu zaruruwan gilashi sirara kamar gashi, haske na gudu a cikinsu. Ƙirji na motsawa zaren zai ɗan lanƙwasa, hasken ya canza, wata 'yar na'ura a gefen haƙarƙari ta aika wa kwamfutar likita yadda zuciya ke bugawa da yadda numfashi ke fita. Aka ce ya sa ta a ƙarƙashin riga, ya ci gaba da harkokinsa.

Malam Mamuda ya sa ta yana gunaguni, wai shi da ya yi shekaru yana jan tirela zuwa Legas, yau singileti ce za ta ba da shaida a kansa.

Da ranar komawa ta zo suka tafi tare, Kubura na riƙe da katinsa. Likita ya juyo musu da kwamfuta, ga wani koren layi yana tafiya, wani wuri a kwance, wani wuri ya yi tsalle kamar akuya ta ga kura.

"Baba, akwai abin da ya ɗaure min kai," in ji likita. "Ran Talata da hantsi me kake yi?"

"Talata? Ranar ce direbobin Gusau da na Sakkwato suka kaure kan lodi. Har da mai ɗaukar jak ɗin mota zai yi duka. Ni na shiga tsakani, na watsa su."

"To ka ga wurin nan. Zuciyarka kwance take, kamar mai barcin rana."

Malam Mamuda ya gyara zaman hula, ya kalli matarsa ta gefen ido. "Ai na gaya muku lafiyata ƙalau."

"Ba mu gama ba, Baba. Kullum gab da magariba sai bugun ya tashi, numfashinka ya riƙa sama-sama. Bene kake hawa?"

"Gidana ƙasa ne."

"Kaya kake ɗauka? Ko shayi mai ƙarfi kake sha a lokacin?"

"Ko ɗaya. Tashi nake daga tasha, in hau mashin, in tafi gida. Shi ke nan."

Likita ya taɓa haɓa. Ya ce in dai ba a gano dalili ba, dole a kwantar da shi a yi bincike mai zurfi, Makka kuwa sai dai baɗi in da rai. Nan jikin Malam Mamuda ya yi sanyi, don har ya gama sallama da mutanen tasha, an ma fara kiransa Alhaji.

"Ga wani kuma ran Laraba bayan azahar," likita ya ƙara, yana nuni da biro. "Wannan ya fi duka tashi."

Kubura ta matso da kujerarta, ta ƙura wa layin ido.

"Laraba bayan azahar? Ai ni ce na kira shi a waya, ɗan nan. Na tambaye shi ina maganin hawan jinina da na ce ya sayo tun Lahadi."

Likita ya dube ta, ya dubi Malam Mamuda, ya cije leɓe. "Mama, da magariba fa, wa ke buɗe masa ƙofa?"

"Wa zai buɗe in ba ni ba?"

Likita ya ajiye biro. Ya ce Baba ya je ya haɗa jakarsa, zuciyarsa ta fi ta wasu samarin lafiya, wannan ciwon ba na asibiti ba ne.

Amma Kubura ba ta tashi ba. Ta juyo gaba ɗaya ta fuskanci mijinta, ta gyara mayafi.

"Malam, shekara arba'in muna tare, ashe har yau in ka ji muryata gabanka faɗuwa yake. To gaya min a gaban likita. So ne, ko tsoro?"

Singiletin tana jikinsa. Su ukun suka kalli kwamfuta a tare, koren layin nan ya miƙe sama yana neman fita daga gilashi.

Malam Mamuda ya share gumi da hannun riga, ya sunkuyo wajen likita.

"Ɗana, kashe abin nan tukuna in ba ta amsa."