Dakuwar da Zuwera Ta Mulmula

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da dangin Mubarak suka zo gidana ganin ƙanwata Rahina ba. Har yau idan mai tallar dakuwa ta tare ni a kasuwa, sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Bari in fara da 'yata Zuwera, don ita ce tushen zancen. A lokacin ta ɗan haura shekara biyu. Ni tela ce, a gida nake ɗinki a unguwar Vittin, kuma na saba miƙa mata waya duk sa'ad da nake son in samu sukunin taka keke. Wata rana na yi ta kiran sunanta ba ta ɗago ba. Idonta na kan waya, baki a buɗe, yawu na zuba a riga. Abin ya ba ni tsoro. A ranar na karɓe wayar, na ƙudura cewa sai na nema wa hannuwan nan nata abin yi.

Kuma na nema. Na zuba ɗanyar shinkafa a babban tire, na ba ta cokali da gwangwanin madara, ta yi ta awo kamar 'yar kasuwa. Na jiƙa sobolo, wato zoɓo, ya yi ja wur, na dama gangamau ya yi rawaya, ta riƙa tsoma tafin hannu tana bugawa a jikin tsohon kwali. Ƙyallayen da suka rage mini na ɗinki na tara mata a jaka, mai santsi da mai kaushi, tana zura hannu tana lalube tana dariya. Ruwa a baho da soso da murafan kwalba kuwa, in ba a ɗauke ta ba sai ta wuni a wurin. Ba a jima ba yarinya ta canja. Bakinta ya buɗe, rigima ta ragu, ta manta da waya. Ni kuma kaina ya kumbura. (Na zama malamar da ba wanda ya naɗa. Duk matar da ta kawo ɗinki sai ta sha wa'azin renon yara kafin in gwada ta.)

Mma, mahaifiyarmu, idan ta zo daga Moshi Zongo sai ta tsaya ta riƙe haɓa.

"Ku da na raina, a ƙasa kuka yi wasa kuka girma. Ke kuma kin ɗebi abinci kin ba yarinya tana watsawa."

"Mma, ai da hannu yaro yake fara karatu."

"To, malama. Allah ya ba da sa'a."

Abin da na fi alfahari da shi shi ne ƙullun wasa. Fulawa nake kwaɓawa da ɗan mai da ruwan ɗumi, in zuba gishiri mai yawan gaske don kada ya lalace, kuma don in ta kai baki ta ji ba daɗi. In ta kai ɗin, sai in tara mata hannu a ƙarƙashin haɓa in ce, "Tofa. Ba a ci." A makon da nake ba ku labari sai na ƙara da wata dabara: na barbaɗa garin citta da kanumfari da kirfa, wai don hanci ma ya samu rabonsa. Ƙullu ya fito ruwan ƙasa, yana tashin ƙamshi. Na yaba wa kaina sosai.

Ita kuwa Rahina a wurina take zaune, ma'aikaciyar jinya ce. Yarinya mai natsuwa, sai dai aikin asibiti bai bar ta ta saba da madafa ba. Mubarak, wanda yake nemanta, a unguwar Kaladan ya tashi a hannun gwaggonsa Hajiya Azumi, kuma kowa ya san in Hajiya ba ta yarda ba, ba aure. Zance ya iso mana cewa ta ce, "Matan asibitin nan, ko ruwan zafi sai an dafa musu." Rahina ta damu har ta rame. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, tana da yaya.

Ranar Juma'a da la'asar na soya gyaɗa da masara, na daka, na zauna a baranda ina mulmula dakuwa. Zuwera ta jawo ƙullunta ta zauna kusa da ni tana kwaikwayo. Ni in mulmula, ita ta mulmula. Nata wai ƙwan zabo ne, tana jera su tana yi musu magana. Da na gama na zuba tawa a roba mai murfi, ita ma ta kafe sai an zuba nata a roba. Robobin nan kuwa iri ɗaya ne, tare na saye su. Na ɗora duka biyun a saman kantar madafa, gefe da gefe, na tafi abina.

Washegari baƙi suka zo tun kafin lokacin da muka sa musu. Ina kan kalmasa gefen rigar da Rahina za ta sa na ji keke mai ƙafa uku ya tsaya a ƙofar gida. Hajiya Azumi ce da ƙaninta Alhaji Seidu, dattijo mai farin gemu da sanyin magana. Mma da maigidana suka shigar da su falo, aka shiga gaishe-gaishe. Ni na ruga madafa, zare na maƙale a leɓena. Na jawo roba, na buɗe, ƙamshin citta ya bugi hancina, na juye a farantin da ba na fitarwa sai da Sallah. Na haɗa da sobolo mai sanyi na kai musu.

Da a nan na tsaya, da abin ya zo da sauƙi. Amma bakina bai iya zama shiru ba. Na durƙusa na ajiye faranti, na gyara murya na ce, "Hajiya, bismillah. Rahina ce ta yi da hannunta. Tun daga suya har daka, ko taɓawa ban yi ba."

Rahina da ke zaune a ƙasa, kai a sunkuye, ta ɗago ta dube ni. Na ƙifta mata ido.

Alhaji Seidu ya yi bismillah, ya jefa guda ɗaya ɗungurungum a baki. Ya fara tauna. Ya ci gaba da tauna. Na ga gemunsa yana hawa yana sauka, idanunsa sun kawo ruwa. Daga ƙarshe ya ɗauki kofin sobolo ya tura abin da ƙyar, ya ce da wata 'yar siririyar murya, "Masha Allah."

Ni kuwa na ɗauka barkono ne ya ratsa shi. Na tura faranti gabansa.

"Ƙara mana, Alhaji. Akwai da yawa."

Bawan Allahn nan, saboda tsabar kunya, ya ɗauki na biyu.

Hajiya Azumi ba ta cikin masu irin wannan kunyar. Ta gutsuri rabi, ta tsaya cak. Ta ciro hankici ta mayar da abin a ciki, ta duba ragowar da ke hannunta, ta sa farce ta tono wani abu shuɗi. Maɓalli ne. Na gane shi, daga gwangwanin ɗinkina ya fito.

"Rahinatu," in ji ta a hankali, "ke kika yi wannan?"

Kafin Rahina ta buɗe baki, sai ga Zuwera ta fito daga ɗaki, ta tashi daga barci, tana murza ido. Ta hangi faranti ta tsaya. Ta dubi Alhaji da ke fama da na biyun a kunci.

"Ƙwaina!" ta ce. "Baba ya ci ƙwaina!"

Ta taka har gabansa, ta tara ɗan hannunta a ƙarƙashin gemunsa, ta ɗaure fuska irin yadda nake ɗaure mata, ta ce, "Tofa. Ba a ci."

Kuma ya tofa. Dattijo mai jikoki, a falona, a tafin hannun 'yata.

Na nemi inda zan sa fuskata na rasa. Na juya wajen Mma ko za ta cece ni, sai ta gyara mayafi ta ce, "To, malama, yi musu bayani."

Na yi. A durƙushe na faɗa musu cewa ƙullun wasan yarinya ne, fulawa da gishiri, ba guba a ciki, kuma robar na musanya. (Wallahi har a cikin wannan halin sai da na ji bakina yana son ya fara bayanin amfanin wasan ga ƙwaƙwalwar yaro. Na cije shi.) Na tashi na ɗauko dakuwar gaske. Hajiya ta farfasa guda ɗaya ta duba ciki tukuna, sannan ta ɗanɗana.

"Wannan ta yi. Ita kuma wa ya yi ta?"

"Ni ce, Hajiya."

"Ke ce. Waccan kuma jikata ce ta yi. To ita wadda muka zo gani, me ta yi?"

Rahina ta ɗago kai.

"Hajiya, ban iya dakuwa ba. Ina yin tuwon zafi da miyar ayoyo, ina dafa shinkafa da wake. Sauran zan koya. Yayata so take ta rufa mini asiri."

Hajiya ta dube ta. Sannan ta nuna ƙaninta da baki.

"Dakuwa ko a bakin titi ana sayarwa. Tashi ki duba mini wannan. Hawan jini gare shi, likita ya hana shi gishiri, ga shi ya haɗiye na wata guda a zama ɗaya."

Rahina ta shiga ɗaki ta fito da abin awon jini. Nan take ta zama wata daban. Ta naɗa masa a damtse, ta tambaye shi magungunan da yake sha da lokacin da ya sha na safe, ta auna, ta ce ya ɗan hau amma ba abin tashin hankali ba ne. Ta sa aka kawo masa ruwa, ta ce ya yi ta sha, kuma in ya ji ciwon kai ko jiri a kira ta ko tana bakin aiki. Alhaji ya matso ya tambaye ta ƙasa-ƙasa, in da maɓalli a cikin na farkon fa? Ta ce da ya ji shi a haƙori, in kuma ya wuce, zai fita da kansa. A nan ne Hajiya Azumi ta kasa riƙe dariya. Ta yi ta yi har tana share hawaye da gefen mayafi, Mma ta taya ta, maigidana ya fice waje don kada Alhaji ya ga tasa.

An ɗaura auren bayan Babbar Sallah, ni na ɗinka wa amarya kayanta. A wurin biki duk inda na gifta sai in ji 'yan Kaladan suna zungurar juna, wai ga mai ƙwan zabo nan. Alhaji Seidu yana gaishe ni da mutunci har gobe, sai dai ko ruwa na miƙa masa sai ya leƙa cikin kofin.

Wasa kuwa ban daina ba, kuma ba zan daina ba. Zuwera tana nan tana kwaɓa tana fenti, ƙanin da na haifa mata daga baya ma ya bi sahu. Abin da na sauya kaɗan ne: ƙullun wasa yanzu shuɗi nake yin sa ko kore shar, launin da ba mai hankalin da zai kai baki. Na kuma koyi cewa in har zan yi wa wani ƙaryar alheri, to in fara ɗanɗana abin da nake shirin jingina masa.