Na'i Ba Na'am Ba Ce

Ba zan taɓa mantawa da zangon da na zaɓa wa surukaina a bakin wani tafki ba, tsakanin Matameye da Yauri ta ƙasar Damagaram. In ma na so mantawa, matata Rabi tana nan da ranta, ba za ta bari ba.

Zamanin Nasara ba su daɗe da zama a Damagaram ba, hanyoyi sun fara lafawa, har mutum yana iya fita da mata da yara ba tare da fargabar mahara ba. Ni kuwa na dawo daga yawon fatauci kaina cike da iska. Na ga Agadas, na ga Kukawa, na sha ruwan Cadi, na kwana a zangon Kano. Ina jin Barbarci, ina taɓa Larabci, na iya "wi mushe" na Faransa, kuma ina gaya wa kowa na iya Fulatanci (gaskiyar magana, gaisuwa na iya, sai kuma "nawa ne nono").

Abin da ke gabana shi ne in tafi da Rabi Kano mu zauna. Mahaifinta Malam Habu bai ce e ba, bai ce a'a ba. Cewa ya yi za a je bikin ɗan ƙanensa a gaba da Yauri, in ja ragamar tafiyar, shi kuma ya ga yadda nake riƙe iyali a hanya. Murna kamar in tashi sama! Ni da na ratsa sahara, tafiyar kwana guda ce za ta gagare ni?

Muka fito da jakuna: Malam, da Inna surukata, da Rabi, da ƙannenta ƙanana. Kaka ce, gero ya nuna, tafkuna sun cika maƙil. Tun daga ƙofar gari na buɗe makaranta. Na ce zangon iyali daban yake da na fatake: ana son inuwa, ana son ruwa kusa, ba a son ƙarangiya saboda ƙafafun yara, kuma a nisanci babbar hanya don kada sojan Nasara su gan mu su kwashe jakuna zuwa aikin dole. Muka wuce wuri na farko, na ce sauro. Na biyu na ce ai a Borno ko akuya ba a ɗaurewa a irinsa. Malam dai carbinsa yake ja.

Can bayan azahar sai ga shi. Fili ne shimfiɗaɗɗe, ya gangara a hankali har bakin ruwa, ba ciyawa ko ɗaya, ba ƙaya, ƙasa ta daddale kamar daɓen ɗaki, ga manyan itatuwa gefe da gefe. Zuciyata ta yi fari. Na ce ko a bakin Cadi ban ga irin wannan ba. Rabi ta tambaye ni a hankali me ya hana ciyawa tsirowa a nan alhali ko'ina kore ne. Na ce mata albarkar wuri ce.

Sai ga wata dattijuwar Bafulatana ɗauke da ƙwaryar nono. Ta yi mana sallama da Hausa tsantsa, amma ina! Ga dama ta samu a gaban suruki. Na tare ta da Fulatanci, na yi gaisuwa ta amsa, sannan na harhaɗa 'yan kalmomin da nake da su, na cika sauran da hannu, wai ina tambaya ko nan ya yi a kwana. Ta dube ni, ta dubi filin, ta nuna tudu ta ce, "Na'i. Na'i!"

Malam ya ce, "Me ta ce?"

Na ce, "Ta ce na'am, Baba. Haka suke faɗinta, suna gutsure ƙarshen."

Ta buɗe baki za ta ƙara, na yi mata godiya da Fulatanci na sallame ta. Ta kaɗa kai ta wuce.

Aka sauke kaya, aka shimfiɗa tabarmi, Inna ta kafa murhu, yara suna ta tsalle ba ƙaya. Ni kuma na zaga gefen filin, bayan ciyawar bakin ruwa, na tuɓe riga da wando na rataya a wani ɗan kututture, na faɗa tafki ina jin daɗin duniya.

Ƙasa na fara jin tana rawa. Na ɗaga kai sai ga ƙura, a cikin ƙurar kuma ƙahoni, ba iyaka. Ashe abin da na kira albarka kofato ne ya yi shi. Mashayar shanu na sauke surukaina a kai, kuma la'asar ta yi, lokacin shan ruwansu.

Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji rauni. Rabi ta suri yara, Malam ya ja Inna, suka haye wani ɗan tudu da ke daidai saman inda nake. Tukunyar tuwo ta tafi, tabarmi suka zama laka. Ina kallo wata saniya ta take rigata, wani bijimi kuma ya soka ƙaho a wandona ya ɗaga shi sama, ya shiga ruwa da shi kamar mai riƙe da tuta.

To ka san tsakanin mutum da surukarsa. Ni da ko ruwa ba na sha a gaban Inna, yau ga ni tsirara, ita a sama ni a ƙasa. Na nutse har wuya. Inna ta juya baya, amma kafaɗunta suna rawa (har ta rasu tana cewa tari ne). Matsattsaku suka same ni, na daure. Sanyi ya kama ni, na daure. Rabi ta ce in fito mana, na ce mata ina hutawa.

Rana ta kusa faɗuwa dattijuwar nan ta dawo, ashe garken 'ya'yanta ne. Ta ɗago abin da ya rage na wandona a kan sanda ta ce, "Sannu mai Fulatanci. Na'i dai shanu ne."

Malam bai yi dariya ba, Allah ya ji ƙansa. Ya warware rawaninsa ya jefo mini, ya ce kowa ya dubi gabas. Haka na fito naɗe da rawanin surukina, haƙora suna kaɗawa, na tabbata Kano ta wuce ni.

Bayan mun yi magariba a kan tudu ya kira ni. Ya ce Fulatanci dai ba ni da shi, wannan an gani. Amma wanda ya yarda matsattsaku su sha jininsa don kada ya keta kunyar surukarsa, ba zai wulaƙanta 'yarsu a baƙon gari ba.

"Ka tafi da ita," in ji shi. "Sai dai a hanya ita za ta riƙa zaɓen zango."

Haka kuwa aka yi, har Kano. Tun daga ranar, in na ga wuri ya yi kyau fiye da kima kuma ba kowa a kansa, nakan tsaya in tambayi dalili. Da Hausa.